Ruwan Alwalar Baƙi

Tun ranar da rediyo ta ambaci Kanyar Maƙera a cikin ƙauyukan da aka gyara wa rijiyar burtsatse, Malam Zubair bai ƙara samun zama ba. Yana kan babur ma labarin ya same shi, jarka huɗu ɗaure a baya, yana dawowa daga tsohuwar rijiyar bakin fadama, wayarsa na ta magana a aljihun gaba. Mai labarai ya ce Hukumar Rijiyoyin Ƙauyuka ta miƙa wa majalisar dokoki rahotonta na shekara, ya shiga jero garuruwan da suka amfana. Da ya zo kan nasu, Zubair ya taka burki har jarka ɗaya ta zame ta fashe. Ya tsaya yana kallon ƙasa tana shanye ruwan da ya yi layin awa guda kafin ya samu.

Shekara biyu ke nan famfon garin bai ɗiga ba. Injin ya ƙone, farantan sola biyu sun tsage, tankin kuma yana can tsaye a kan ƙarafunansa, tattabaru sun mai da inuwarsa wurin hira. Shi malamin firamare ne, kuma ya gaji da shiga aji da ƙarfe takwas ya tarar da benci, don ɗalibansa suna can bakin fadama da bokitai.

Zubair mutum ne da in abu ya tsaya masa a rai, har abinci ba ya jin ɗanɗanonsa. Ya shiga motar Ɗambatta, daga nan ya wuce Kano, ya yi ta hawa bene yana sauka har aka ba shi kwafin shafin da ya shafe su. Shafi na arba'in da bakwai. Layi ɗaya ne tak: Kanyar Maƙera, an gyara, tana aiki. A ƙarƙashi har da hoton wani famfo yana zubar da ruwa a gindin mangwaro. Duk faɗin Kanyar Maƙera babu mangwaro ko ɗaya, sai kanya da gawo da darbejiya. Ya dawo ya rubuta ƙorafi zuwa ga kwamitin majalisa mai duba rahotannin hukumomi, magidanta sittin da uku suka dangwala. Wanda ya fara dangwalawa shi ne Baffa Hashimu, mai unguwa, ƙanin mahaifinsa, wanda ya riƙe shi tun yana ɗan shekara shida.

Bayan wata biyu, ana tsakiyar bazara, wata mata ta kira shi. Ta ce sunanta Sa'adiyya, ita ce sakatariyar kwamitin, kuma ranar Alhamis za su zaga ƙauyuka huɗu, nasu ne na ƙarshe.

“Malam, bari in faɗa maka yadda abin yake,” in ji ta. “Kwamiti ba ya rubuta abin da aka gaya masa, abin da ya gani yake rubutawa. In mun tarar rijiyar ta mutu, za ta shiga jerin waɗanda za a gyara baɗi. In mun tarar tana aiki, an rufe maganar ke nan.”

Ya garzaya ya faɗa wa Baffa. Tsohon yana zaune a ƙofar zaure yana gyaran igiyar rumbu, ya saurara har ƙarshe, sannan ya yi tambaya uku. Mutum nawa ne? Za su ci abinci? Azahar za ta same su a nan?

“Baffa, ba biki za su zo ba fa. Rijiya za su duba.”

“Na ji. Amma dai mutane ne ko?”

Duk wanda ya san Baffa Hashimu ya san ba a ja da shi a kan baƙo. Mutumin da ya taɓa yanka zakaran da ke tashinsa sallar asuba saboda wani mai tallar magani ya kwana a zaurensa. Zubair ya yi murmushi ya ƙyale shi. A ransa ya ce, ya dafa duk abin da zai dafa, famfo dai ba zai ci shinkafa ya farfaɗo ba.

Ranar Alhamis ana idar da asuba ya hau babur zuwa Ɗambatta, don hanyar garinsu ta ratsa gonaki ne, ta karkace nan ta rabu can, baƙo ba ya gane ta. Da hantsi motoci uku suka iso. Ya gaisa da shugaban kwamiti, Onarabul Abdulkabir, wani dogon mutum mai furfura a gemu da ba ya son dogon zance. Ya ga Sa'adiyya rungume da babban littafi. Ya kuma ga daraktan hukumar, Injiniya Najib, wanda tun ba a shiga rana ba rigarsa ta jiƙe. A ƙauyuka ukun farko an sha kallo. Rijiya ɗaya tana aiki, ɗaya tana tari, ɗaya ko ramin ba a gani ba. Injiniya ya yi ta bayani har muryarsa ta dushe, ruwan robar da aka taho da shi kuma ya ƙare tas tun a ƙauye na uku.

Zubair na gaba a kan babur, motoci na bin sa. Yau dai za a gani.

Sha biyu da rabi suka shiga Kanyar Maƙera. An share filin masallaci ƙal, an kafa rumfar zana, an shimfiɗa tabarmi. Baffa na tsaye cikin farar rigarsa ta Idi, dattawa a bayansa. Aka yi gaisuwa, aka maimaita, aka tambayi gajiya da iyali da zafi. Onarabul ya ce a fara da aiki. Ya karɓi ƙorafin daga hannun Sa'adiyya, ya karanta layin farko da ƙarfi, ya dubi Injiniya, sannan ya taka da kansa zuwa wurin kawunan famfo shida da ke jere. Ya kama na farko ya murɗa.

Ruwa ya tsinke, shaaa, har ya fantsamar masa a takalmi.

Zubair ya dubi famfon, ya dubi farantan solar da ke tsage, ya sake duban famfon. Injiniya Najib ma da farko baki ya saki, don shi ya fi kowa sanin bai aiko da ko ƙusa ba. Amma mutum ne mai saurin farfaɗowa. Nan take ya gyara hula, murya ta dawo.

“Ranka ya daɗe, ka gani ko? Abin da nake ta faɗa ke nan tun safe. Wasu mutane in ba su rubuta takarda ba, ba sa iya barci. Siyasa ce kawai!”

Onarabul ya murɗa na biyu, ya zuba. Na uku ma ya zuba. Ya juyo ya yi wa Zubair wani kallo mai tsawo.

“Malam, kai malamin makaranta ne ko?”

“E, ranka ya daɗe.”

“To, Allah ya kyauta. Sa'adiyya, rubuta: tana aiki.”

Ta rubuta. Bayan haka ba ta ko dubi inda yake ba, kuma wannan ya fi masa ciwo fiye da dariyar Injiniya. Aka ɗauki hoto. 'Yan rakiya suka rufar wa famfo suna wanke fuska, wani direba ya ɗauko tsumma ya hau wanke gilashin mota.

Zubair ya zagaya bayan tanki kamar wanda ya yar da wani abu. Nan ya ga sawun amalanke sabo fil, ga tsani jingine da darbejiya, ga duro huɗu an kife a bayan danga. Can gefe Uwaisu mai amalanke yana ba shanunsa harawa, wandonsa jiƙe har gwiwa. Da suka haɗa ido, Uwaisu ya sunkuyar da kai.

Zubair ya je ya ja Baffa gefe, ya durƙusa.

“Baffa, ruwan nan daga ina?”

Fuskar tsohon ta washe. “Ai kana fita na tara su. Sawu biyu Uwaisu ya yi. Muka jera mutane a tsani, hannu da hannu, bokiti bokiti. Ka ga yadda ya kwanta ya yi garau? Mutanen birni sun saba da famfo, Zubairu. Ba zan miƙa wa babban mutum ruwan duro mai laka ya yi alwala a garina ba.”

“Baffa, ai mutuwar famfon suka zo gani!”

“Ba ka rubuta musu ba? Ni ma na dangwala. Takarda ta riga ta faɗa musu. Takarda daban, alwala daban.”

“Sun rubuta tana aiki. Yanzun nan, a gabanka. Ba za a gyara ba.”

Ba a nan hankalin tsohon yake ba. Ya kama kafaɗar Zubair ya matse. “Ko me suka rubuta, a gyara daga baya. Amma ka buɗe baki ka ce ruwan jido na ba su, ka yanka ni a gaban baƙi. Ban yarda ba.”

Ya juya ya koma rumfa. Zubair ya tsaya nan, haushi kamar ya fashe. Ya fusata da tsohon, kuma ya san ko za a kashe shi ba zai iya ƙaryata shi a bainar jama'a ba. In ma ya faɗa, wa zai saurare shi? An riga an kira shi maƙaryaci, famfo kuwa yana zuba a idon kowa. Ya kai ya kawo, ya cire hula ya mayar, ya zauna a kan duro ya miƙe.

Sai ya lura da kaji. Sun taru a wani wuri tsakanin tanki da kawunan famfo, suna ta tono. Ƙasar wurin ta yi baƙi, damshi na faɗaɗa a hankali. Ya tuna. Daminar bara garmar Uwaisu ta datse bututun da aka binne a nan, ba wanda ya damu, tunda ba abin da ke bi ta ciki. Ashe tun da aka buɗe makunnin tanki don baƙi, ruwan Baffa yake tsiyayewa cikin yashi. Ga 'yan rakiya kuma suna ta ɗiba. In baƙin nan za su ƙara awa guda, tankin zai faɗi gaskiya da bakinsa.

Yana ɗaga kai ya ga Injiniya ya buɗe wa Onarabul ƙofar mota.

“Ranka ya daɗe, mu yi azahar a Ɗambatta. Akwai zaman ƙarfe huɗu.”

Zubair ya ruga. Ba wurin Onarabul ya nufa ba, wurin Baffa ya je, wanda ya shiga zaure duba kwanuka.

“Baffa, za su tafi ba su ci ba.”

Bai ƙara ko kalma ba. Tsohon ya fito da sandarsa da saurin da Zubair ya manta yana da shi, ya je ya tsaya ƙyam a gaban motar farko.

“Ranka ya daɗe, sai dai a bi ta kaina. Zabi takwas aka yanka. Mata tun asuba suke kan murhu. In kuka tafi, da wane ido zan shiga gida?”

Onarabul ya duba agogo, ya dubi furfurar tsohon, ya fito daga mota. Ɗan ƙauye ne shi ma kafin ya zama ɗan majalisa, ya san ba a tsallake irin wannan.

Aka zauna. Aka kawo fura da nono. Aka ce shinkafa na hanya, miya ce ba ta gama haɗuwa ba. Zubair bai taɓa son jinkirin matan gidansu irin na ranar ba. Ya kasa zama. Ya kai tabarmar da ba a nema ba, ya dawo ya ɗauke ta, duk don ya bi ta gefen kajin ya saci kallon damshi. Da ya ga hira na neman mutuwa, ya raɗa wa Baffa cewa baƙi ba su ji tarihin gari ba. Aka taso da wani dattijo da bai taɓa ba da labarin kafuwar Kanyar Maƙera a ƙasa da rabin awa ba. Injiniya na ta murza agogo, yana satar kallon tanki, don ya fara zargin alherin da ya faɗo masa ba mai daɗewa ba ne. Sau biyu yana miƙewa, sau biyu Baffa na ƙara masa cinyar zabo.

Ƙarfe biyu saura kwata Liman Sama'ilu ya ce a yi haramar salla. Onarabul ya naɗe hannun riga, ya tsuguna a gaban famfon farko, ya murɗa. Famfo ya yi tari, ya tofar da ɗan abin da bai cika tafi ba, ya yi shiru. Ya matsa na biyu, iska kawai. Har na shida.

Injiniya ya fara cewa wataƙila rana ce ta yi wa sola yawa. Bai kai ƙarshe ba muryar Baffa ta tashi, a gigice, ya manta da kowa da komai sai baƙonsa da ke tsugune da busasshen hannu.

“Uwaisu! Kai Uwaisu! Ɗaura shanu maza, ka ƙaro! Ku kawo tsanin nan!”

Onarabul ya miƙe a hankali.

“Baba, a ƙaro daga ina?”

Sai a lokacin tsohon ya ji abin da bakinsa ya faɗa. Zubair ya kafa idonsa a ƙasa. Abin da yake nema ke nan tun safe, ga shi ya samu, amma ko kaɗan bai ji daɗi ba.

Liman ne ya amsa. “Ranka ya daɗe, rijiyar tana bakin fadama, mota ba ta zuwa. In aka ɗaura shanu yanzu, da zuwa da layi da dawowa, lokaci ya fita. Ɗan abin da ya rage a randunan gida kuwa na sha ne, ga yara ga masu jego. Sai dai mu yi yadda muka saba.” Ya juya wajen ƙofar masallaci, ya duba dama, ya duba hagu. “Ina dutsen?”

Kowa ya san inda dutsen taimama yake zama, kuma kowa ya ga wanda ya sa aka ɗauke shi da safe.

Baffa Hashimu ya jingine sandarsa da bango. Ya nufi gida. Zubair ya bi shi, tsohon ya ɗaga masa hannu ba tare da ya waiwayo ba, dole ya tsaya. Jim kaɗan sai ga tsohon ya fito daga zaure rungume da dutsen a ƙirji, ƙurar ƙarƙashin rumbu ta ɓata farar rigar Idi. Falalen dutse ne mai faɗin faifai. Ya taka a hankali ya ratsa tsakiyar baƙi, ya dire shi a gaban Onarabul. Gefunansa garje suke kamar kowane dutse, amma tsakiyarsa ta yi sumul tana sheƙi, kamar an shafa mata man gyaɗa.

Onarabul ya daɗe yana kallonsa. Ya sa yatsa ya shafa wurin santsin.

“Tun yaushe?” ya tambaya.

“Bazara biyu,” in ji Liman. “Da damina mukan tari na sama.”

Onarabul ya tsuguna, ya yi bisimilla, ya ɗora tafukansa a inda na mutanen gari suka saba sauka, ya shafi fuska. Sauran 'yan kwamiti suka biyo baya ɗaya bayan ɗaya. Injiniya Najib ma ya zo ya tsuguna, bai ɗaga ido ba.

Baffa ya koma gefe, kusa da Zubair, yana kallon layin. Murya ƙasa ƙasa ya ce, “Shekara talatin da ɗaya ina riƙe da unguwar nan. Baƙo bai taɓa yin taimama a ƙofata ba sai yau.”

Zubair ya so ya yi shiru, abin ya ƙi.

“Baffa, mu shekara biyu muna yi.”

Tsohon ya taka zuwa bakin rumfa inda Sa'adiyya ke zaune da littafinta a cinya.

“'Yata, buɗe ki rubuta. Ni Hashimu, ni na sa aka zuba ruwan nan da bokiti. Yaron nan bai yi ƙarya ba. Famfo matacce ne.”

Ta dubi Onarabul, ya gyaɗa kai. Ta ja layi a kan abin da ta rubuta ɗazu, ta sake rubutu a ƙasansa, sannan ta tashi ta ɗauki hoton dutsen.

Baffa ne na ƙarshe da ya ɗora hannu a kai, bayan baƙi da 'yan gari duk sun gama. Da Uwaisu ya sunkuya zai kawar da dutsen daga hanya, tsohon ya ce a bar shi nan inda kowa zai gani.

Aka ta da iƙama. Zubair ya tsaya can baya wajen takalma, ya rasa ta inda zai shiga, don tun da ya yi maganar nan tsohon bai dube shi ba. Sahun farko ya kusa cika. Baffa Hashimu ya ɗan matsa dama, ya buɗe wurin mutum ɗaya a gefensa, idonsa na kallon alƙibla.

“Zubairu,” in ji shi, “zo ka cike sahu.”